Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Aka 'Yanta Sau Biyu

Karatu: Farawa 50:15-21, Matta 18:21-35, Romawa 12:17-21

Wanda ya yi sammako daga Abuja ya nufi kudu, ya bi ta Gwagwalada da Abaji da Kotonkarfe, kafin rana ta yi tsaka ya isa Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka gamu suka zama kogi ɗaya. A bakin wannan ruwa ne aka fara kafa ikilisiya a ƙasarmu ta Arewa, yau fiye da shekara 160 ke nan. Mutumin da Allah ya yi aikin nan ta hannunsa Bayarabe ne, wanda a ƙuruciyarsa aka sa masa igiya a wuya, aka yi musanyarsa da doki, aka kuma sayar da shi a kan taba da barasa. Sunansa Samuel Ajayi Crowther. Herbert Macaulay, wanda aka sa wa babbar hanyar nan ta cikin Abuja sunansa, jikansa ne. Da yawa cikinmu muna bin hanyar kullum, amma ba mu san labarin kakan ba.

Mun ɗauko labarinsa domin darasinmu na zunubi da gafara, gama sau biyu aka yi masa babban laifi. Da fari mahara suka yi masa yana yaro, daga baya kuma 'yan'uwansa cikin Kristi suka yi masa yana tsoho. Abin da muke nema mu gane shi ne inda ɗan adam yake samun ƙarfin yafe irin wannan.

Ranar da aka ci Oshogun

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Oshogun, kusa da Iseyin, cikin Jihar Oyo ta yanzu. Zamanin na hargitsi ne ko'ina. A nan Arewa yaƙi ya kori Sarkin Zazzau Makau daga Zariya, har ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja na dā a 1828, wato Suleja ta yau. A ƙasar Yarabawa kuwa daular Oyo tana rushewa, gari yana cin gari, mutum ya zama haja. Kakannin waɗansunmu, Gbagyi da Koro da Gwandara da Bassa, sun san wannan tsoro sarai, shi ya sa suka riƙa gina ƙauyukansu a kan duwatsu.

Wata safiya a farkon 1821, mata suna shirin abincin karin kumallo, sai rundunar mahara ta kewaye Oshogun. Cikinta akwai Yarabawan Oyo, da Fulani, da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Uban Ajayi ya ɗauki baka da kwari ya fita kāre gari, ba su ƙara ganinsa ba har abada. Aka sa wa garin wuta. Aka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata biyu, ɗaya tana goye, aka ɗaure su wuya da wuya aka kora su kamar awaki. Kafin kwana biyu an raba su kashi-kashi. Wanda ya sami Ajayi ya ba da shi a bakin doki, da dokin bai yi masa ba sai aka warware cinikin aka mayar da yaron. Ya ɗan zauna kusa da uwarsa wata uku, sa'an nan aka kai shi kasuwa ba ko sallama.

Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, kullum ana matsawa da shi bakin teku. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa tsoron Turawan Fotugal ya cika shi har ya yi niyyar shaƙe kansa da ɗamararsa ba sau ɗaya ba, amma hannunsa ya kasa ƙarasawa. Mu lura da wannan, 'yan'uwa. Yaron da ya fid da zuciya ga rai a wannan dare, shi ne Allah yake ajiyewa domin dubbai. A Ikko aka sayar da shi ga Turawan Fotugal, aka sa masa sarƙa a wuya, aka zuba shi cikin jirgi tare da bayi fiye da 180 za a haye da su teku.

A ranar 7 ga Afrilu 1822, jirgin bai ko yi nisa da gaɓa ba, sai jiragen yaƙin Ingila masu tsaron teku suka tare shi, gama Ingila ta hana cinikin bayi tun 1807. Shugaban jirgin da ya ɗauki Ajayi sunansa Henry Leeke. A watan Yuni aka sauke su a Saliyo, aka ce musu daga yau su 'ya'ya ne.

Bautar da ba ta da sarƙa

A Saliyo 'yan mishan na C.M.S. suka karɓe shi. Yana da kaifin hankali ƙwarai, cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Sai ga wani abin mamaki. Yaron nan da aka zalunta, wanda in da wani yana da ikon ɗaukar kansa marar laifi to shi ne, da ya yi ta karanta Maganar Allah sai ya ga kansa a cikinta. A wasiƙar da ya rubuta a 1837 ya bayyana cewa wajen shekara ta uku bayan an kwance shi daga bautar mutane, ya gane akwai wata bauta da ta fi ta muni, ita ce bautar zunubi da Shaiɗan, shi kuwa yana cikinta har yanzu. Ya tuba, ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi. A ranar 11 ga Disamba 1825 Rabaran John Raban ya yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani fasto na Landan, Samuel Crowther.

Nan ne tushen dukan labarin. Littafi Mai Tsarki bai raba mutane gida biyu ba, azzalumai masu zunubi a gefe ɗaya, waɗanda aka zalunta masu tsarki a gefe ɗaya. Romawa 3:23 ta tattara mu duka a layi ɗaya, Yohanna 8:34 kuma ta kira mai aikata zunubi bawansa. Wannan bai rage nauyin laifin maharan Oshogun ba ko kaɗan. Satar mutum zunubi ne mai girma, har Bulus ya lissafta masu yinta tare da masu kisankai cikin 1 Timothawus 1:9-10. Amma 'yan ayoyi kaɗan a gaba Bulus ɗin nan ya sa kansa a kan gaba cikin masu zunubi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ajayi ya sauko daga tudun ya dubi nasa.

Ubangijinmu ya ba da misalin wannan cikin Matta 18. Bawa na fari sarki yana binsa talanti 10,000, abokin bautarsa kuwa dinari 100 ne kaɗai a kansa. Dinari ɗaya ladan ma'aikaci ne na yini guda, talanti ɗaya kuma dinari 6,000 ne. Ashe bashin da aka yafe masa ba abin da zai biya ba ne ko ya yi rai dubu. Dinari 100 ba ƙaramin kuɗi ba ne, ladan wata uku ne da 'yan kai, haka kuma laifin da aka yi mana ba wasa ba ne. Sai dai wanda ya san nauyin abin da aka ɗauke masa, hannunsa ba ya saurin kai wa maƙogwaron ɗan'uwansa. Saboda haka ne Ajayi, cikin wasiƙar nan, ya iya kiran ranar da aka kama shi ranar baƙin ciki wadda kuma ya koya ya ɗauke ta ranar albarka. Haka Yusufu ya dubi mugun nufin 'yan'uwansa ya ga kyakkyawan nufin Allah a bayansa.

Har ƙungiyar da ta koya masa karatu shaida ce a kan wannan. Cikin waɗanda suka kafa C.M.S. a Landan a 1799 akwai wani tsoho, John Newton, wanda a dā shugaban jirgin bayi ne a wannan gaɓa ta Afirka ta Yamma, kafin ya tuba ya zama fasto, ya kuma shiga yaƙi da cinikin da ya ci abinci da shi. Jinin da ya wanke mai sayen bayi shi ne ya wanke bawan.

Uwa da ɗa

A 1827 Ajayi ya zama ɗalibi na fari a makarantar Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan, ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita. Ya yi aikin malanta shekaru da dama. A 1841 Gwamnatin Ingila ta aika da jirage uku su hau Kwara su ƙulla alkawari da sarakuna a bar cinikin bayi. C.M.S. ta sa mutum biyu cikin tafiyar, Ajayi da wani Bajamushe, James Frederick Schön, wanda daga baya ya fara juya littattafan Bishara zuwa Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa kimanin 40, tafiyar ta watse. Amma an koyi darasi, wato in Bishara za ta shiga cikin ƙasar nan, sai ta bakin 'ya'yan ƙasa. Aka kira Ajayi Landan, aka ɗora masa hannu ya zama fasto a 1843.

A 1846 ya shiga Abekuta tare da abokan aikinsa. Bai yi wata ɗaya a garin ba, sai ranar 21 ga Agusta aka kawo masa wata tsohuwa. Uwarsa ce, Afala, bayan shekara 25. Ta kama hannunsa tana rawar jiki, tana kiransa da sunayen da kakarsa takan kira shi da su, kakar da ta mutu cikin bauta. Suka zauna suna duban juna, hawaye yana zuba, magana ta gagara. Ya sami 'yan'uwansa mata kuma. A 1848 aka yi wa uwar baftisma, aka sa mata suna Hannatu, kamar uwar Sama'ila na cikin Littafi. Ta rayu har 1883.

A 1851 aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya da mijinta, ya ba su labarin ɓarnar cinikin bayi, ya kuma karanta musu Addu'ar Ubangiji da Yarabanci, addu'ar nan da ta ɗaure gafarar da muke roƙo da gafarar da muke bayarwa. Shi ne kuma ya shugabanci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, aka gama shi duka a 1884.

A gaban sarakuna

A 1854 ya sake hawan kogi tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai da nisa. A wannan karo an sha kwinin, ba wanda ya mutu. A 1857 ya kafa aiki a Anaca, ya wuce gaba, sai jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya fashe. Ya yi watanni a ƙasar Nufe yana jiran wani jirgi, bai zauna banza ba, ya shiga koyon Nufanci har ya rubuta littattafan koyonsa. A 1862 aka yi baftisma ta fari a Gbebe, hayin Lakwaja. A ranar 29 ga Yuni 1864, cikin babbar majami'ar Kantabari a Ingila, aka naɗa shi Bishop, baƙar fata na fari da ya sami wannan matsayi cikin ikilisiyar Angilika. Cikin taron akwai wani tsohon hafsan jiragen ruwa, Henry Leeke, wanda ya tsamo shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce.

Yanzu fa aikinsa ya kai shi ƙofar mutanen da a idon duniya ya kamata ya ƙi. Lakwaja tana ƙarƙashin Etsu Masaba na Bida, ƙasar kuwa cike take da bayi. Bishop ya riƙa zuwa Bida yana gaisuwa da ladabi, yana kai wa sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, yana neman izini kafin ya kafa ko bukka. Tun yana saurayi a Saliyo ya gwada gardama da Musulmi, ya ga ba ta haifar kome sai zafin rai, saboda haka ya bar ta. A 1872 ya bi ta Ilorin, wato yankin da yaƙe-yaƙen da suka cinye garinsu suka taso. Sarki ya tara malamai a fada, aka tambaye shi ko wane ne Yesu, ko shi ne zai yi wa duniya shari'a, da kuma yaushe zai dawo. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi a karanta amsarta, daga labarin Jibra'ilu da Maryamu cikin Luka 1 har zuwa rarrabe tumaki da awaki cikin Matta 25. Bai ɓoye maganar shari'a ba, bai kuma yi ta da zagi ba. Da aka nemi jin irin addu'ar Kirista, ya karanta musu addu'ar da ake yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a kowace ƙasa sunan sarkinta ake sawa a wurin. Ɗan Oshogun ke nan yana koya wa mutane yi wa Sarkin Ilorin addu'a.

Sarakuna suka amince da shi. Sa'ad da barasar Turawa ta fara lalata ƙasar Nufe, Etsu Maliki na Bida ya aika masa da takarda yana roƙo ya kai kukansu gaban Sarauniya a hana shigo da ita. Sarki Musulmi ya rasa wanda zai ba amanar kukansa sai tsohon bawa Kirista.

Ba kullum aka karɓe shi da alheri ba. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi da ɗansa Dandeson a bakin kogi kusa da Idah, ya tsare su kwanaki, yana neman dukiya mai yawa ta fansa. Mataimakin wakilin Ingila a Lakwaja, William Fell, ya zo da jirgi ya ƙwace su. Suna gudu zuwa kwalekwale sai kibiya mai dafi ta sami Fell, ya mutu, Bishop kuwa ya tsira. Mu da muke zaune a kwanakin masu garkuwa da mutane mun san zafin kalmar nan fansa. Markus 10:45 ta koya mana cewa fansarmu ba da kuɗi aka biya ta ba, wani ne ya ba da ransa a madadinmu.

Zunubi a cikin gida

Jarrabawa mafi zafi ta zo masa da tsufa, daga cikin ikilisiya kuwa ta fito. Wajibi ne mu faɗi gaskiyar abin ta kowane gefe. Tashoshin aikin suna warwatse daga bakin teku har ƙasar Nufe, kuɗi kaɗan ne, shekaru da yawa kuma Bishop ba shi da jirgin kansa, sai ya jira na 'yan kasuwa. Yawancin ma'aikatansa amintattu ne, sun sha wuya, waɗansu sun mutu a bakin aiki. Amma waɗansu sun fāɗi. Akwai waɗanda ciniki ya janye, akwai waɗanda aka kama da lalata. Mafi muni, a Anaca a 1877 wata yarinya ta mutu saboda dūkan da aka yi mata a hannun ma'aikatan mishan biyu, aka kuwa daɗe kafin shari'a ta kama su. Bishop mutum ne mai sanyin hali, mai jinkirin korar mutum, ba ya hukunci a kan jita-jita, kullum yana sa zuciya mai laifi zai tuba. Masu sukarsa suka ce sanyin ya yi yawa, a wani wuri kuwa suna da gaskiya. Gafara ba ta hana horo ba. Matta 18 ɗin nan da ta ba mu misalin bashi, ita ce ta ba mu ka'idar tsauta wa ɗan'uwa cikin aya 15 zuwa 17. Yarinyar Anaca ma tana da Uba a sama mai bin jininta.

A 1890 waɗansu samarin Turawa suka iso Lakwaja, shugabanninsu Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Niyyarsu su kai Bishara ƙasar Hausa, har suka sa riga da rawani suna koyon Hausa. Masu himma ne, ba su ji tsoron mutuwa ba. Amma sun ga zunubin waɗansu da ido biyu, nasu kuwa na girmankai da raina baƙar fata ba su gan shi ba. Suka hana mutane da yawa Jibin Ubangiji, suka kori ma'aikata ba tare da an saurare su yadda ya kamata ba. A watan Agusta 1890, a taron kwamiti a Anaca, sakataren mishan, F. N. Eden, ya dakatar da fastocin da Bishop ya ɗora wa hannu, har da ɗansa Dandeson, a gaban idon uban. Tsoho mai shekara 80 da ɗoriya, wanda ya yi shekara kusan 50 yana hawa da sauka a kogin nan, yara sa'o'in jikokinsa suka kunyata shi.

Me ya yi? Bai ce abin da aka yi daidai ne ba. Ya ƙi yarda a fili, ya sauka daga kwamitin, ya kai ƙara Landan bisa ga ka'ida, ya kuma goyi bayan ikilisiyoyin bakin teku su riƙe kansu da kansu. Amma bai rama ba. A Ikko ran Kirista ya ɓaci ƙwarai, har waɗansu suka fita suka kafa tasu ikilisiya a 1891. Da ya ɗaga yatsa ɗaya, da dubbai sun bi shi. Bai ɗaga ba. A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi da wata shida, Brooke ya bi shi a watan Maris 1892, dukansu biyu a Lakwaja suka mutu, ba wanda ya ga Kano. Cikin wata tara mai ƙara da wanda aka yi ƙararsa duka sun tsaya gaban Alƙali ɗaya.

Shari'a ta Allah ce

A kasuwa mukan ji ana cewa rama cuta ga macuci ibada ce. Romawa 12:19 ta hana mu wannan, dalilin da ta bayar kuwa shi ne sakamako yana hannun Allah. A nan ne koyarwar sama da Jahannama take shiga zancen gafara, ta hanya uku.

Ta fari, akwai ranar shari'a. Ibraniyawa 9:27 ta ce bayan mutuwa sai ita, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ba wanda ya gurfanar da maharan Oshogun a duniyan nan, amma Ru'ya ta Yohanna 18:11-13, wurin lissafin kayan cinikin Babila da za a hukunta, ta ambaci bayi da rayukan mutane. Allah bai manta da ko ɗaya ba. Jahannama gaskiya ce, Yesu da kansa ya fi kowa yin gargaɗi a kanta, kamar cikin labarin mai arziki da Li'azaru a Luka 16. Wanda ya gaskata wannan ba ya bukatar ya zama alƙali da ɗan doka da hauni shi kaɗai. Yana iya kai ƙara wurin hukuma, gama Romawa 13 ta ba ta takobi, amma wuƙar da ke cikin zuciyarsa sai ya ajiye ta.

Ta biyu, ba ma yi wa kowa fatan wuta, domin mu ma can muka nufa aka tare mu, kamar yadda aka tare jirgin nan a bakin Ikko. Ezekiyel 33:11 da 2 Bitrus 3:9 sun nuna Allah ba ya jin daɗin hallakar mugu, tubarsa yake so. Kirista da ke murna in ya tuna maƙiyinsa zai ƙone, bai gane daga inda aka tsamo shi ba tukuna. Tsoron shari'ar nan ne ya kai Ajayi Bida da Ilorin da Littafi a hannu.

Ta uku, akwai sama, saboda haka hasarar duniya ba ita ce ƙarshen magana ba. Ba da aikin kirki ake sayenta ba, gama ɓarawon da ke kan gicciye ya same ta a sa'arsa ta ƙarshe hannu wofi. Ru'ya 7:9 ta nuna mana taro daga kowace kabila da harshe, 21:4 kuma ta yi alkawarin share hawaye. Gamuwar Afala da ɗanta a Abekuta ɗan ɗanɗano ne kaɗai na wannan rana. Muna kuma sa zuciya cewa a can tsohon Bishop da samarin da suka ɓata masa rai suna gaban kursiyi ɗaya, dukansu masu zunubi da aka gafarta.

Ko a duniya ma gaskiya ta yi halinta, ko da ta yi jinkiri. Bayan rasuwarsa aka ba Bature kujerarsa, aka yi shekara kimanin 60 kafin wani baƙar fata ya sake riƙe irinta a ƙasar nan. Amma a ƙarshen Yuni 2014, da aka cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya tsaya cikin majami'ar da aka naɗa shi ya furta a gaban jama'a cewa ikilisiya ta yi wa bawan Allah nan laifi, ya yi kira ga tuba. Ikilisiyar Angilika ta Nijeriya kuma, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1979, yau hedkwatarta tana nan Abuja, birnin da ya zama babban birnin ƙasa a Disamba 1991, shekara 100 cif bayan rasuwarsa.

'Yan'uwa, ba mu ɗauki gafara abu mai sauƙi ba. A cikinmu akwai waɗanda suka rasa nasu a Madalla ran Kirsimeti na 2011, ko a tashar Nyanya a Afrilu 2014, akwai waɗanda aka kore su daga gonakin iyayensu, akwai kuma waɗanda a cikin ikilisiya aka ci mutuncinsu. Ba mu ce a kira mugunta alheri ba, Ajayi ma bai kira ta haka ba. Abin da rayuwarsa take tambayarmu shi ne ko mun taɓa ganin bautarmu ta biyu, ko mun san wanda ya biya fansarta. In mun sani, to, hanyar yafe wa wani a buɗe take, ko da za mu bi ta a hankali muna kuka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ajayi wanda aka zalunta ne, duk da haka ya ga kansa mai zunubi. Me ya sa yake da wuya wanda aka cuta ya ga nasa zunubi?

2. Bisa ga Matta 18:15-17 da 18:21-35, yaya ikilisiya za ta haɗa horo da gafara? A ina Bishop ya gaza, a ina kuma samarin suka gaza?

3. Wane bambanci ke tsakanin neman adalci wurin hukuma da ramuwar gayya?

4. Yaya gaskata akwai sama da Jahannama yake sāke yadda muke duban wanda ya cuce mu?

5. Akwai wanda kake binsa dinari 100? Akwai wanda ya kamata ka je ka roƙi gafararsa kafin Lahadi mai zuwa?

A rufe da addu'a. Kowa ya furta zunubinsa ga Allah a zuciyarsa, a yi godiya domin fansar da ke cikin Yesu Kristi, a yi roƙo domin sarakunanmu da masu mulki, da maƙwabtanmu, da waɗanda suka yi mana laifi, sa'an nan a yi Addu'ar Ubangiji tare.